Kwat Ɗin Ulu a Garin Gumi

Tudun Wada, Zariya
3 ga Oktoba, 2024

Ƙanwata Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zaman baƙunta? Kada ki yi mamakin ganin rubutuna, ni da ban iya riƙe biro na minti biyar ba. Ke da Inna kuka ɗauko wannan al'ada ta wasiƙa, a rubuta a takarda, a ɗauka a waya, a tura, wai don maganar baki ba a sake karanta ta. To yanzu Inna ba ta ganin layi, ni na zama magatakarda. Amma wannan tawa ce, ba ta san na rubuto ba.

Jiya muka kai Inna wajen likitan ido. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, kuma ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi wata nawa ya rage mata, ya kawar da kai ya shiga gyara takardu. Na ji tsoro, Kausar, ba zan ɓoye miki ba.

A hanya ko kuka ba ta yi ba. Abu ɗaya ta nema: hotonki sanye da kwat da siket ɗin ulun nan. Ba a ɗaki ba, ta ce, a waje, a kan ciyawa, inda ake ganin tudu a baya. Kin dai san abin da kayan nan suke a wurinta. Yadin da Baba, Allah ya ji ƙansa, ya kawo daga Sikotland a 1982 da ya je kwas na kiwon tumaki, wanda ya shekara arba'in a ƙasan adaka cikin ƙunshin takarda da kafur, ko buɗewa ba ta taɓa bari mun yi ba. Da sikolashif ɗinki ya fito ta kulle kanta a ɗaki mako uku ita da keken ɗinki, saboda a wurin Inna duk inda jirgi ya sauke mutum sanyi ake yi. Ni da ke mun san Malesiya ta fi Zariya gumi, muka yi shiru muka ce masha Allah. Ke kuma kika ƙara da gishiri, kullum ki kira ta daga laburare inda na'urar sanyi ke kaɗawa, kina ɗan rawar ɗari kina cewa, “Inna, sanyi ba magana.”

To maƙaryaciya, ranar ta zo. Ki ciro kayan, ki nemi ciyawa ko a bayan masallaci ne, ki daure minti biyu. Kada ya wuce makon nan.

Yayarki,
Walida


Pantai Dalam, Kuala Lumpur
6 ga Oktoba

Yaya Walida,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki da yara. Na karanta takardarki a tashar jirgin ƙasa, jirgi biyu suka wuce ban shiga ba.

Yaya, na yi ɓarna. Bari in gaya miki tun daga farko. Sau ɗaya na taɓa sa kayan nan, a makona na biyu a garin nan, ranar da kewar gida ta kama ni. Daga hawa na tara inda muke zuwa bakin titi kawai na yi, amma kafin in kai tashar bas gumi ya jiƙa ni har ƙafa, idona ya fara ganin duhu. Wani tsoho mai kedai, ɗan shagon da ke ƙasan beninmu, ya miƙo mini kujera da ruwan sanyi yana tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na koma sama, na tuɓe su a jiƙe, na ninke, na tura cikin akwati don kunya. Ban shanya ba. Shekara biyu ke nan ban sake buɗewa ba.

Jiya na buɗe. Fumfuna ta yi fari fat a kafaɗa da ƙirji, asu kuma ya yi ramuka biyar a gaba, biyu a siket, ɗaya har yatsana yana shiga. Na zauna a ƙasa da kwat ɗin a cinya, ruwan la'asar ya kece kamar yadda yake yi kullum a nan, har dogayen benaye suka ɓace a cikinsa. Na sa hancina a wuyan kwat ɗin. Ƙarƙashin warin danshi har yanzu akwai kafur ɗin adakar Inna. Sai na ga kamar muna tsakar gida, Baba yana kan tabarma yana ba mu labarin nan nasa da ba ya ƙarewa: tuddai kore shar, tumaki a warwatse kamar an zubar da auduga, gajimare yana saukowa har ƙasa mutum ya shiga cikinsa ya fito da raɓa a gira. Da matan ƙauyen can masu sa irin wannan yadi, tuwid yake ce masa, su ɗauki sanda su yi ta tafiya ba wai don za su wani wuri ba. Kin tuna Inna ba ta taɓa sa baki idan ya fara? Takan dai rage gudun keke.

Khaulah, wadda muke ɗaki ɗaya, ta same ni ina kuka. Ta ce, har da “lah” ɗin da 'yan ƙasar nan suke liƙa wa magana, “Haba, ba a gama ba lah, akwai wata tsohuwa a unguwar Brickfields da take cike rami har mai kaya ya rasa inda yake.” Gobe za mu je. Don Allah ki ja mini lokaci a wurin Inna, ki ce jarrabawa nake yi.

Ƙanwarki,
Kausar


Zariya
7 ga Oktoba

Kausar,

Salam. Ban da cewa kina nesa, da na zo na ja kunnenki har ya yi tsawo. Mace mai neman digiri na uku ta ninke ulu a jiƙe! Na ce wa Inna jarrabawa kike yi, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kuma tambaya ko kin samu safa mai kauri. Sai da na fita tsakar gida na share ido. Wannan ce ƙarya ta ƙarshe da zan yi miki, kin ji na gaya miki. Yau da safe ta zuba shayi a gefen kofi.

Walida


Pantai Dalam
10 ga Oktoba

Yaya Walida,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shagon tsohuwar yana saman bene, a kan masu sayar da furannin da Indiyawa ke kitsawa, ƙamshinsu yana bin mutum har matakala ta ƙarshe. Sunan matar Anti Letchumi, ta kusa saba'in, tabarau biyu take sawa, ɗaya a kan ɗaya. Tana taɓa yadin sai ta ce rabonta da irinsa tun tana yarinya, lokacin da mahaifinta yake yi wa Turawan gonakin shayi ɗinki a can kan duwatsu. Ta nuna mini saƙar, wai ƙashin kifi ake ce mata, ta kai shi bakin taga. Yaya, ashe ba ruwan ƙasa zalla ba ne. Akwai zare kore a ciki, akwai ruwan toka, har da ɗan ja kamar na gauta. Shekara biyu yana wurina ban taɓa dubawa ba.

Fumfuna ba matsala, in ji ta, boleh, wato zai yiwu, za ta fita. Ramukan ne suke son zare, kuma dole zaren ya fito daga jikin yadin kansa, don babu irinsa a kasuwa ko'ina. Sai ta farke shafin ciki don ta ga ko an bar saura. Tana buɗewa ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

“Wa ya ɗinka miki?” Na ce mahaifiyata, shekara biyu da suka wuce.

Ta girgiza kai ta ce, “Ba ke aka yanka wa wannan ba, yarinya. Zo ki gani.”

Layin ɗinki biyu ne a kowane gefe, Yaya. Na waje tsoho ne, zarensa ya yi rawaya, ya miƙe sambal kamar an ja da rula. Na ciki sabo ne, yana ɗan karkacewa, a wasu wurare an koma an maimaita. Ta ce hannu ɗaya ne ya yi duka biyun, ta gane daga yadda ake ɗaure bakin zare, amma na farkon mai ido ce ta yi shi, na biyun da laluben yatsa aka yi. An ɗinka wa wata mace da ta fi ni jiki tun da daɗewa, daga baya aka rage shi zuwa awona. Kuma wadda ta rage ba ta yanke rarar ba. Ta ninke ta a ciki, faɗin yatsa uku a kowane gefe, ta rufe da shafi. Anti ta ce tela ba ta barin irin wannan nauyi a cikin riga sai idan tana da niyyar sake buɗe ta wata rana.

Ashe ba yadi ne a cikin ƙunshin nan ba duk shekarun nan. Kayan Inna ne, ɗinkakku, da awonta.

Ga inda abin ya tsaya. Rarar nan ita kaɗai za ta isa cike ramuka bakwai ɗin. In an yanke ta, kayan za su gyaru, in sa, a yi hoto, amma ba za su sake shiga jikin Inna ba har abada. In ba a yanke ba, babu hoto. Anti ta ajiye almakashi ta ce ba za ta taɓa ba sai mai ɗinkin ta yarda. Na roƙe ta, ta ce in je in ci abinci. Yaya, ki tambayar mini Inna ta wata dabara, ba tare da ta san komai ba.

Taki,
Kausar


Zariya
11 ga Oktoba

Kausar,

Salam. Na karanta sau uku. Ni da na girma a gindin keken nan ban sani ba. Amma babu wata dabara, na riga na gaya miki na rufe shagon ƙarya. Ki rubuta mata da hannunki, zan karanta mata kalma bayan kalma, ko waƙafi ba zan tsallake ba. Ki yi sauri.

Walida


Pantai Dalam
12 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ɗelu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaishe ki, ya jiki, ya ƙarfin ido? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Inna, na yi miki ƙarya shekara biyu. Babu sanyi a garin nan. Zafi ne da ruwan sama daga farkon shekara har ƙarshenta, mutum yana fitowa daga wanka yake fara gumi. Sanyin da kike ganin ina ji a waya na na'ura ne. Ranar da kika miƙo mini kayan a ƙofar ɗakinki, yatsunki duk sun sha allura, na kasa buɗe baki in ce ba za su yi amfani ba. Daga nan kuma kullum faɗar gaskiyar sai ƙara nauyi take yi.

Ban tsaya nan ba. Na ajiye su a jiƙe, fumfuna da asu suka lalata su. Telar da na kai wa ta buɗe shafin, mun ga ɗinkin farko, mun ga abin da kika ninke a ciki. Ban nemi ganin sirrinki ba, Inna, amma na gani, kuma tun ranar nake jin kunyar kaina.

Ta ce sai an yanke rarar nan kafin ramukan su cike. Ni ba ni da bakin cewa a yanke. In kin ce a bari, zan naɗe su yadda suke in ba masu zuwa gida su kawo miki, ki buɗe abinki. In kin ce a yanke, akwai wani wuri mai suna Tanah Rata a kan duwatsu, tafiyar awa huɗu a bas, an ce can da gaske ana sanyi. Duk abin da kika ce shi za a yi. Ki yafe mini.

'Yarki mai laifi,
Kausar


Tudun Wada, Zariya
15 ga Oktoba

Auta,

Wa alaikis salam wa rahmatullah. Ina amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Walida ce ke rubutawa, na kuma ce mata in ta ƙara nata a ciki ban yafe ba.

Na ji zafi. Kwana biyu ban yi wa yayarki magana ba, don tare kuka haɗa baki. Ba kayan ne suka fi ƙona mini rai ba. Duk sanda na idar da salla sai in roƙa miki Allah ya kare ki daga sanyi, shekara biyu cur, ashe kina can kina fifita. A rana ta uku abin ya ba ni dariya, na yi ta yi har Walida ta zaci wani abu ne ya same ni. Ashe ba kowace ƙasar waje ce Turai ba. To wa ya gaya mini? Ni iyakata Kaduna.

Tunda kin gani, bari ki ji sauran. Mahaifinku da ya dawo ya ce za a sake tura shi bayan shekara biyu, kuma a wannan karon an yarda mutum ya tafi da iyalinsa. Ya ajiye yadin a gabana ya ce, “Ɗelu, ki ɗinka irin na matan can, da shi za ki hau tudu.” Hoton wata Baturiya ya ba ni a jikin kalanda, tana tsaye kusa da shinge, da shi na yi koyi. Sai da na ɓata turmin atamfa wajen gwaji kafin in sa wa ulun almakashi. Na sa shi sau ɗaya a ɗaki, ana tsakiyar bazara, na tsaya gaban madubin sif. Ya shigo ya gan ni ina naso, ya yi dariya har ya riƙe bango, sannan ya gyara mini wuyan ya ce in yi haƙuri saura wata biyar. Kafin wata biyar ɗin aka soke tafiyar. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Labarin tuddan kawai ya ci gaba da ba ku, ni kuma na san da wa yake.

Da na zo rage miki, na ɗauki almakashi sau uku ina ajiyewa. Na ce a raina, wa ya sani, ko ranar da Auta ta gama karatu za ta aiko a kai ni, in farke ɗinkin nan in sa abina ko na yini ɗaya ne, in ga gajimaren da ake shiga. Tsohuwa ma tana da nata shirmen, kada ki ga furfura.

Yanzu ko an kai ni, me zan gani? Ki gaya wa telar nan ta yanke. Ki ce mata ta bi tsawon zare, kada ta yanka a karkace, kuma ta jiƙa tsumma ta ɗora kafin ta sa dutsen guga. Ki gaishe ta, ki ce wata tela a Zariya ta ce ta iya karatun ɗinki. Na yafe miki duniya da lahira. Ki hau tudun.

Mahaifiyarki,
Ɗelu

Ni ce Walida. Ban ƙara komai ba. Ki dai yi sauri.


Tanah Rata
27 ga Oktoba

Inna,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki daga kan dutse, sanyi yana ratsa yatsuna, kuma wannan karon ba na'ura ba ce.

Kwana tara Anti Letchumi ta yi tana aikin. Zare ɗaya-ɗaya ta riƙa zarowa daga abin da ta yanke, tana saƙa shi cikin ramin da allura, tana bin ƙashin kifin. Da na je karɓa ta ce in nuna mata inda ramukan suke. Biyu kawai na iya samowa. Na isar mata da saƙonki, ta cire tabarau duka biyun ta goge.

Jiya muka hau bas ni da Khaulah. Hanyar tana ta naɗewa kamar gammo, kunnuwana suka toshe, can sai na ga mutane suna rufe taga. Yau bayan asuba na sa kayan a kan doguwar riga mai laushi, na yafa mayafina ruwan toka, muka gangara gonar shayi. Ba su yi mini nauyi ba, Inna. A nan ne na gane abin da aka yi su dominsa. Iska tana bugun fuskata amma ba ta ratsa ƙirjina, raɓa tana tsayawa a kan ulun ƙwaya-ƙwaya ba ta shiga ciki.

Babu tumaki, ba zan sake yi miki ƙarya ba. Amma tuddan suna nan, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, an yi musu layi-layi kamar kitso. Muna cikin tafiya sai gajimare ya taso daga kwari, a hankali, ba ƙara ba komai. Ya cinye bishiyoyin ƙasa, ya cinye rumfar masu tsinkar ganye, ya iso ƙafafuna. Na shiga cikinsa. Ba ya da nauyi, yana da ɗan ƙamshin ganye da ƙasa, kuma a ciki ba a jin komai sai numfashin mutum. Na tsinci wata sanda a gefen hanya na yi ta tafiya, ba don za ni wani wuri ba. Na taɓa girata na ji ruwa. Baba bai ƙara ko kalma ɗaya ba, Inna, haka abin yake.

Khaulah tana baya tana ta kira, “Ki tsaya mana, za ki ɓace mini!” A nan ta ɗauki hoton. Na tura wa Yaya, na ce ta kai a wanke shi babba.

Akwai ɗan ƙyalle da ya rage, tsawon tafin hannu, wanda ɗinkinki na farko yake jikinsa. Matar Malam Zahraddeen, ɗan Zariya da ke zaune a Kuala Lumpur, za ta taho gida ranar Laraba, na ba ta ta kawo miki. Shi ba sai da ido ba.

'Yarki,
Kausar


Zariya
30 ga Oktoba

Auta,

Salam. Da hannuna nake rubutawa, in layi ya hau layi ki yi haƙuri.

Hoto ya zo, girmansa ya kai faranti. Na fita da shi tsakar gida inda rana take. Ban ga fuska ba. Na ga fari ko'ina, kore daga ƙasa, da wata mace a tsakiya cikin kayan ulu, riƙe da sanda, tana tafiya.

Walida tana ta cewa, “Inna, Kausar ce, kin gane ta?” Na ce na sani. Amma ta bar ni zuwa la'asar tukuna, yanzu ni ce a cikin hoton.

Allah ya yi miki albarka.

Ɗelu